Ɓarawon Da Ya Cire Takalmi

Kande ce ta fara gani. Ta fito da ƙwaryar ruwan makuba ana saukowa daga Juma'a, za ta yi wa sabon daɓen tsohon zaure yayyafi na biyu, sai ta tarar da ƙofar a hangame. Igiyar da ta ɗaure ƙyauren da ita da safe tana ƙasa. Ƙyauren kuwa, wanda ya shekara ɗari da ɗoriya a wurin, ko sama ko ƙasa. Ta dire ƙwarya ta rafka salati, kafin ka ce kwabo rabin Tudun Gwanki ya hallara.

Tudun Gwanki ƙauye ne a da, a kan hanyar Zango, sai garin Daura ya miƙo ya haɗiye shi ya zama unguwa. Abin da ya rage musu na nuna wa baƙo shi ne zauren nan na ƙasa, inda mutanen farko suke karatu da sasanta rigima. Ya zama kango, awaki na kwana a ciki, har mutanen unguwa suka ji kunya suka kafa kwamitin gyara. Aka kankare simintin da aka taɓa lafta masa, aka sake rufi da azara, aka yi yaɓe, ranar Alhamis mata suka yi daɓe. Saura mako guda a yi bikin buɗewa.

Sufeto Sha'aban ya iso a kan babur ɗinsa mai tari. Siririn mutum ne, mai jan magana, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya duba bayan gaisuwar. Ya tarar an zaunar da Maharazu magini a ƙasa, hula a gefe, an kewaye shi. Maharazu ne ya yi aikin zauren tun daga tushe har rufi.

"Shi ne, Yallaɓai!" in ji wani. "Ga sawun ƙafa ba takalmi a kan daɓe. Wa yake yawo ba takalmi a nan in ba magini ba?"

"Baronsa aka yi amfani da shi!"

"Kuma ba a gan shi a masallacin Juma'a ba!"

Can baya wata murya ta ce, "A kai shi gaban alƙali kawai. Yanzu fa shari'a ake yi. Hannu ne!"

Sufeto ya ga Maharazu ya janye hannunsa na dama ya soke shi a hammata. Sufeto ya san ba a yanke hannu da ihun taro, akwai shaidu da sharuɗɗa masu yawa kafin nan. Amma je ka gaya wa mutumin da hannun nan ne abincinsa da na 'ya'yansa takwas. Ya sa kurata biyu suka tafi da shi caji ofis, ko don kada a yi masa lahani, ya kuma hana kowa taka zauren.

Wani dattijo fari mai gilashi ya matso, cikin babbar riga da rufaffen takalmi da safa. Malam Yazid ke nan, tsohon hedimasta, sakataren kwamiti. Shi ya rubuta ɗan littafin tarihin unguwa, shi ya sa aka kafa allon da ke jikin bango, wanda ya ce Malam Abdulmuhaimin, kakansa, ya gina zauren nan da hannunsa.

"Ni dai ban ce shi ne ba," in ji Malam Yazid. "Ɗalibina ne a firamare. Amma akwai dillalan kayan tarihi da ke zuwa daga Kano. A bincika ta can."

"Za a bincika, Malam. Kai a ina ka yi Juma'a?"

"A cikin gari. Na makara, a sahun baya na samu."

Sufeto ya gyaɗa kai. Sahun baya wuri ne mai albarka, ba wanda ke ganin kowa.

Da taro ya watse ya tsuguna a bakin ƙofa. Ƙyauren da ba irin na yanzu ba ne. Kunne biyu gare shi na itace, ɗaya ya shige rami a jikin azarar sama, ɗaya yana zaune cikin wani dutse mai rami kamar ƙaramin turmi, a kansu yake juyawa. Dutsen yana nan daram, ba a taɓa shi ba. A cikin ramin sama kuwa akwai guntun kunnen, an yanke shi da zarto, garin itace ya zuba a ƙasa. Ya ciro guntun ya sa a aljihu.

"Kai ɗan sanda, janye gwiwarka daga kan daɓena."

Ya waiwayo. Kande ce, tsohuwa gajera, hannuwanta ja-ja-wur har wuyan hannu. Ita ce uwar daɓe a unguwar, ba a yin daɓen ɗaki sai ta zo da madaɓinta.

"Yi haƙuri, Inna. Me kika ji da rana?"

"Na ji kukan baro. Baron Maharazu ne, duk unguwa an san kukansa, kamar jaki ya ga hatsi. Na ce aiki yake yi, ban leƙo ba."

"To ai shi ne ke nan."

"Ashe kai ma da kunne kake bincike. Baro a nan yake kwana, ko ni zan iya turawa. Zo ka ga."

Ta nuna masa sawun. Daɓen ya yi tauri, amma ruwan makuban safe bai gama shanyewa ba lokacin da aka taka, sai ya riƙe hoton ƙafa guda huɗu, sumul.

"Shekara talatin Maharazu yana cuɗa ƙasa da ƙafa," in ji Kande. "Faso a dugadugansa sai ka ɓoye kwabo a ciki. In ya taka daɓe sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Wannan ƙafar ba ta san taɓo ba. Kuma magini ba ya taka ɗanyen daɓe, ko wuta ce ta kama. Tabarma yake shimfiɗawa."

"Makuban nan, daga ɓawon ɗorawa kuke jiƙa shi?"

"Ƙwarai."

"Yana kama fata?"

Ta ɗaga masa hannuwanta. "Ka ga dai. A fata mai laushi sai ya yi mako, ko da sabulun Makka ka wanke."

Asabar da safe Sufeto ya sa aka fito da Maharazu daga bayan kanta. Bai yi barci ba, idanunsa sun faɗa. Sufeto ya fara duba ƙafafunsa. Kande ba ta yi ƙari ba.

"Ina ka je jiya?"

"Wani ƙauye gaban Zango, Yallaɓai, duba giginyar da za a sare mana. A can na yi Juma'a."

"Wa ya gan ka?"

"Allah. Da mutanen da ban san sunansu ba."

"In an ce ka cire ƙyauren nan, yaya za ka yi?"

Maharazu ya dube shi kamar an tambaye shi yadda ake shan ruwa. "Sai in tone gefen dutsen da yatsa in zare shi. Ƙyaure ya sauko da kansa. Ko minti biyu ba za a yi ba."

Sufeto ya ajiye guntun itacen a kan tebur. Maharazu ya ɗauka ya juya shi, sai fuskarsa ta canza, har ya manta da tsoro.

"Zarto? Aka sa masa zarto? Inna lillahi! Wane marar imani ne..." Sai ya ajiye guntun a kan tebur.

"Ƙarasa mana."

"Ba komai, Yallaɓai."

"Me ka yi wa ƙyauren na ƙarshe?"

"Ranar Laraba da Alhamis na kankare koren fentin da aka shafa masa a da. Na shafa masa man gyaɗa."

"Me ka gani a ƙarƙashin fentin?"

"Itace."

"Wa yake wurin da ka gama?"

"Mutane suna ta wucewa."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ya ga ɓarayi suna ƙarya don su tsira, wannan kuwa yana ɓoye abin da zai tsirar da shi. Da walakin, goro a miya. Ya ce a mayar da shi a ba shi koko da ƙosai, shi zai biya.

Daga nan ya nufi shagon Alhaji Amadu, dillalin dabbobi, wanda kowa ya san ya so a rushe zauren a yi shaguna. Ya same shi a kan benci, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe da tsumma, ga sanda a gefe.

"Na san za ka zo," in ji Alhaji. "Duk abin da ya ɓata a unguwar nan Amadu ne. Eh, na ce a rushe, yau ma ina nan a kan bakana. Tulin ƙasa ne. Amma jiya a sahun farko nake, a kan kujera, liman ma shaida ne. Ka dubi ƙafar nan. Ni da ake ɗora ni a kan babur, ni zan ɗauki ƙyaure?"

"Kana iya sa wani."

"In sa a sace ƙyaure don a ƙara son zauren? Jiya har waɗanda ba su taɓa ba da tubali ɗaya ba kuka suke yi. Ai ni aka cuta."

Sufeto ya ga akwai hankali a maganar. Ya ce, "Sawun da ke ciki ba takalmi."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "To ɓarawonku mai ladabi ne! Ni a rayuwata mutum ɗaya na sani yana cire takalmi a ƙofar kangon nan, Hedimasta. Ko lokacin da ba rufi, kashin awaki har idon sawu, sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama, wai ɗakin kakansa ne. Mu yi ta yi masa dariya."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya yi godiya ya tashi.

Bai koma ofis ba. Ya zauna a gindin dalbejiyar masallacin unguwa yana ɓare gyaɗa har aka kira azahar. Zafin bazara ne, irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Dattawa suka jeru a kan dakali da butocinsu. Akwai wata buta ta ƙarfe a ƙarshen dakalin da ba wanda ya taɓa.

"Ta wane ne?" ya tambayi ladan.

"Ta Hedimasta. Shekara ashirin a nan yake alwala. Tun jiya dai da alwalarsa yake zuwa daga gida."

Ana tayar da iƙama sai ga Malam Yazid. Ya tuɓe takalmi, ya shiga da safa. La'asar ma haka. Sufeto ya bi layukan unguwa yana kallon saman ƙofofi, ba don ya san abin da yake nema ba, don dai maganar fentin ta tsaya masa a rai. A gidajen ƙasa da yawa ya ga wata alama a cikin yaɓe, layi uku sun haɗu a gindi kamar sawun zabo. Ya koma wurin Kande.

"Alamar gidan su Maharazu ce," in ji ta. "Tun kakanninsa. Duk ginin da suka ɗora tun daga tushe sai sun sa ta. Magini kuwa ba ya sa alamarsa a aikin wani, abin kunya ne."

"A zauren akwai?"

"A'a. Ai an ce Malam Abdulmuhaimin ne ya..." Ta tsaya, ta dube shi. "Kai ɗan sanda, me kake nufi?"

"Ba komai, Inna. Tambaya ce."

Lahadi kafin azahar ya yi sallama a gidan Malam Yazid, wanda ke bayan zauren, taku hamsin bai cika ba. Ya zo da Maharazu da kurtu ɗaya, ya bar su a waje. A jikin ƙofar gidan akwai sabon karce, daidai tsayin baro. Malam Yazid ya shimfiɗa masa tabarma a soro.

"An samu labari daga Kano?"

"Ba a samu ba, Malam. Gobe zan miƙa Maharazu kotu."

Malam Yazid ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Allah ya bayyana gaskiya."

"Amin. Lokaci ya yi, a ba mu buta mu yi alwala tare."

"Ina da alwala."

"Sabuntawa ai lada ce."

"Na ce ina da ita."

"To cire safar ka sha iska. Ni da nake yaro ma zafin nan ya dame ni."

"Sanyi ke damun ƙafafuna."

"A bazara?"

Malam Yazid ya kawar da kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Bari in gaya maka abin da na gani," in ji Sufeto, "in na yi kuskure ka gyara mini, kai malami ne. Wanda ya cire ƙyauren nan bai san gini ba, da ya zare dutse, ba zai sa zarto ba. Maharazu ya fita. Ba mai ciwon ƙafa ba ne, kuma ba ya cikin sahun farko. Alhaji Amadu ya fita. Baƙo daga Kano ba zai tura baro mai kuka a cikin unguwa da rana tsaka ba, sai wanda ya san kowa ya saba da kukan, kuma tafiyarsa gajera ce. Sannan ɓarawo yana sauri, yana tsoro, ba ya tsayawa cire takalmi. Wannan ya cire. Ba tunani ya yi ba, ƙafarsa ce ta saba, shekara sittin ba ta taɓa shiga ɗakin nan da takalmi ba. Ya ga daɓe yana sheƙi ya ɗauka ya bushe, don bai taɓa yin daɓe ba, bai san Kande ta yi yayyafi da safe ba. Malam, cire safar."

A hankali Malam Yazid ya sunkuya ya zare ta. Tafin ƙafarsa ja ne har tsakanin yatsu, kamar na amarya. Fatar gefen ta yi ɗanye saboda dirza da dutse.

Bai yi gardama ba. Ya shige gaba har ɗakinsa, ya ɗaga labulen gado. Ƙyauren yana ƙarƙashi, an lulluɓe shi da sabon bargo. Suka jawo shi haske. A fuskarsa ta ciki, inda fenti ya rufe shekara da shekaru, an ƙona alama da ƙarfe mai zafi, layi uku kamar sawun zabo.

"Ranar Alhamis na gani," in ji Malam Yazid. "Mahaifina ne ya shafa fentin nan ina yaro. Sai a ranar na gane dalili. Sufeto, na rubuta littafi. Na koyar da yara shekara talatin da biyar. Mako mai zuwa baƙi za su zo, kowa ya juya ƙyauren nan ya gani. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Na so in ajiye shi har biki ya wuce. Na ɗauka za a ce baƙi ne."

"Da aka ce Maharazu ne fa?"

Malam Yazid ya sunkuyar da kai.

"Kana tsaye aka ce hannu ne. Kwana biyu mutum yana kulle yana kallon hannunsa, kai kana gida kana dirzar ƙafa." Sufeto ba mai ɗaga murya ba ne, amma ranar ya ɗaga, don abin ya ɓata masa rai ƙwarai. "Ƙyauren ka lulluɓa wa bargo, mutumin ka bar shi a kan siminti!"

Ya leƙa ya ce a shigo da Maharazu. Maginin ya shigo, ya tuɓe silifas ɗinsa, ya durƙusa ya gaida Malam Yazid kamar kullum. Sannan ya tsuguna a gaban ƙyauren yana shafa inda zarto ya ci.

"Zai gyaru," ya ce. "Zan dasa masa wani kunnen da itacen ƙirya."

"Ka san shi ne?" in ji Sufeto.

"Da na ga yankan zarton na zarga. Shi kaɗai ya tsaya a kaina ranar Alhamis."

"Ka yi shiru, hannunka a kan faranti?"

"Yallaɓai, shi ya koya mini rubuta sunana. Na ce zai zo da kansa. Jiya duk wanda ya taɓa ƙofar ofis sai in ɗaga kai." Ya dubi hannunsa na dama, ya buɗe shi ya rufe. "Ni dai na yafe nawa. Na unguwa kuma, unguwa ta sani."

Sufeto ya ce magana ta wuce yafiya a cikin ɗaki, dole Malam ya biyo shi ofis ya rubuta bayani, kuma dole a faɗa a gaban mutanen da suka yi ihun nan, a inda suka yi shi. Malam Yazid ya gyaɗa kai. Ya ɗauki safar zai mayar, sai ya ajiye ta. Ya dubi Maharazu.

"Alamar nan. Kai ma sai ranar Alhamis ka gan ta?"

"A'a, Malam. Kakata ta gaya mini tun ina aji uku. Ta ce kakanka ya kawo karatu, namu ya ɗora ƙasa, kowa da nasa, kada in tayar da magana."

"Aji uku? Ai ni ne malaminku a aji uku."

"Kai ne. Har ka yi mana tambayar a jarrabawa, wa ya gina zauren Tudun Gwanki." Maharazu ya kama gefen ƙyauren ya cicciɓa shi ya ɗora a ka. "Na rubuta Malam Abdulmuhaimin. Ka ba ni goma bisa goma."